Tarihin da aka ɗebo a ƙofar fada: sake karanta littafin Victor Low daga Auyo

A shekarar 1972 maɗaba'ar Jami'ar Northwestern da ke Amurka ta buga littafin Victor N. Low mai suna Three Nigerian Emirates: A Study in Oral History. Masarautun uku da yake nufi su ne Gombe da Katagum da Haɗejiya, zamanin da ya ɗauka kuma shi ne ƙarni na 19, daga jihadi zuwa shigowar Turawa. An haura shekara hamsin ke nan, amma har gobe ɗalibin da ya zauna rubuta kundin digiri a kan sarautar Haɗejiya da wuya ya yi nisa bai jingina da Low ba. Rijiyar da aka daɗe ana sha haka ya kamata a leƙa a ga daga ina ruwanta yake ɓuɓɓugowa, musamman in mutum daga Auyo yake karatun.

A fara da yabo, don ya cancanta. A shekarun 1960, lokacin da Low ya yi bincikensa, hankalin manyan masana tarihin Arewa yana can Sakkwato, kan rubuce-rubucen Larabci na Shehu da Abdullahi da Bello da wasiƙun gidan Waziri. Daga wannan taska Murray Last ya gina littafinsa na Daular Sakkwato da ya fito a 1967. Masarautun gabas, waɗanda ke bakin iyaka da Barno, ba su da tarin takardu irin wannan. Low ya ɗauki abin da yake akwai, wato ƙwaƙwalwar dattawa, ya riƙe ta a matsayin hujjar da za a iya aunawa. A lokacin wannan ra'ayi sabo ne a jami'o'in Turai da Amurka. Littafin Jan Vansina da ya shimfiɗa ƙa'idojin aiki da labarun baka a 1961 ya fito, da Faransanci, fassararsa ta Turanci kuma sai 1965. Da Low bai zauna da waɗannan dattawa ba, abubuwa da yawa game da muƙamai da yaƙe-yaƙe da rabon ƙasa a Haɗejiya da sun tafi kabari tare da masu su.

To, matsalar farko tana cikin sunan littafin. Masana sun raba abu biyu da mu a Hausa muke haɗa su mu ce tarihin baka. Akwai shaidar wanda ya gani da idonsa, ko ya yi da hannunsa. Akwai kuma labarin gado, wanda ya bi ta bakin kaka zuwa uba zuwa ɗa kafin ya iso kunnen mai bincike. A yi lissafi mai sauƙi. Dattijon da yake da shekara 75 a 1965 an haife shi a 1890. Yana da shekara 16 lokacin da Turawa suka ci Haɗejiya a 1906, don haka shaida ne a kan wannan. Amma Sarki Buhari ya rasu a 1863, shekara 27 kafin a haifi wannan dattijo. Sambo kuwa, wanda ya kafa gidan sarautar da ke kan gado har yau, tun wajen 1808 ya fara mulki. Ka ga mafi yawan zamanin da littafin ya ɗauka labarin gado ne, wanda ya riga ya wuce ta hannun mutum biyu ko uku, kowa da abin da ya ga ya dace a faɗa.

Don a ga girman wannan bambanci, a duba yadda Amurkawa suke yi da tarihin shugabanninsu, tunda daga can Low ya fito, kuma can ne wannan fanni ya fara zama sana'a. Allan Nevins ya buɗe ofishin tarihin baka a Jami'ar Columbia a 1948. Tun 1981 kuma Cibiyar Miller ta Jami'ar Virginia take tattara hirarraki da waɗanda suka yi aiki a fadar shugaban ƙasa, ta fara da gwamnatin Jimmy Carter, wanda a shekarar ya sauka. Tsarin nasu shi ne a tara wa masu tambaya kundin bayanai tun kafin zama, da jerin ranaku da abin da aka riga aka rubuta a kan mutumin. Sannan masana biyu ko uku su zauna da tsohon minista ko mai ba da shawara, wani lokaci yini guda, wani lokaci kwana biyu. A naɗi muryar, a mayar da ita rubutu kalma bayan kalma, daga baya a sa a intanet kowa ya karanta. Idan mutumin ya ce ranar kaza ya ba shugaba shawara kaza, akwai takardun fadar da za a je a duba. Dokar da majalisarsu ta yi a 1978 ta ce takardun shugaban ƙasa dukiyar jama'a ce, ta fara aiki a kan Ronald Reagan. Bayan shekara biyar da saukar shugaba ana iya neman ganinsu, wasu kuma yana iya rufe su har shekara 12.

Wato a can baki da takarda kishiyoyi ne da ke zaune gida ɗaya, kowace tana sa wa ɗayar ido. Mai karatun Low ba shi da wannan gata. Abin da ke hannunsa labari ne da marubucin ya tace, ya jera, ya zuba cikin Turancinsa. Yadda dattijo ya faɗi maganar da Hausa ko Fulatanci, inda ya yi jinkiri, inda ya yi kirari, inda ya kauce wa tambaya ya ce a bar kaza cikin gashinta, duk wannan ba ya tsallake tacewa. Alhali a irin wannan aiki, sau da yawa inda mutum ya yi shiru ya fi abin da ya faɗa nauyi.

Bari mu gwada da lamari guda da ya shafi Auyo kai tsaye. Buhari ɗan Sambo ya hau gadon Haɗejiya a 1848. Bai daɗe ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo Nalara, ɗan'uwansa na jini daga gidan sarautar, wanda ake ganin zai iya ja da shi a kan gadon. Wannan kisa na cikin abin da ya sa Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tura Waziri Abdulƙadir ɗan Giɗaɗo aka tuɓe Buhari, aka naɗa ɗan'uwansa Ahmadu wajen 1850. Buhari ya ja da baya, ya sami goyon baya daga ɓangaren Barno, ya dawo a 1851 ya ƙwace garin, Ahmadu ya rasa ransa. Sakkwato ta haɗa rundunar masarautu ta taho, Buhari ya tarwatsa ta a Kafur, kudu da Haɗejiya, a 1853. Daga nan ya yi shekara goma yana mulki ba ya bin Sakkwato, yana kai hare-hare ƙasar Kano da Katagum, har ya faɗi a yaƙin Gogaram, ƙasar Bade, a 1863.

Wannan ƙashin labarin ne, kuma kusan kowa ya yarda da shi. Naman da ake ɗora masa shi ne ya bambanta. A idon Sakkwato Buhari ɗan tawaye ne da ya karya mubaya'a. A fadar Haɗejiya jarumi ne da ya hana a taka ƙasarsa, gamon Kafur kuma abin alfahari. Akwai shaida ta uku, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya bi ta Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta labarin Buhari a daidai lokacin da abin ke faruwa. Shi abin da ya fi damunsa tsaron hanya ne da halin da ƙauyuka suka shiga. Murya uku ke nan: ta mai tuta, ta mai gari, ta baƙo mai wucewa. Ina ta gidan Nalara? Ina ta manoman da aka kora daga fadamunsu, da waɗanda aka kama aka sayar? A duk waɗannan ruwayoyi, kisan Sarkin Auyo sanadi ne kawai na labarin wani, kamar ashanar da ake mantawa da ita da zarar wuta ta kama.

Laifin ba na son zuciyar Low ba ne. Daga awon da ya ɗauka abin ya taso. Tun daga sunan littafin, ma'auninsa masarauta ce. Wanda ya ɗauki masarauta a matsayin mudu, dole duk abin da ke ƙasa da ita ya shigo masa a matsayin gunduma, ko ganima, ko filin daga. Kuma wanda yake neman jerin sarakuna da muƙamai, ƙofar fada za a nuna masa, don can masu wannan ilmi suke. Baƙon da ya zo a zamanin En'e, sarki ne mai kotu, mai 'yan doka, mai gidan yari, ta hannun fada zai sami masauki da tafinta da izinin zagayawa. Dattijon da aka kira a ce Bature na son jin labarin Buhari ya san a gaban wa yake magana, ko da mai gidan ba ya zauren.

Ga Auyo kuwa shirun hawa biyu ne. Nalara kansa ɗan gidan Fulanin da suka ci ƙasar ne. A ƙarƙashinsa akwai wata Auyo da ta girme shi da ɗaruruwan shekaru. Kafin jihadi wannan yanki ƙananan sarautu bakwai ne, Auyo da Haɗejiya da Garun Gabas da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, suna bin Barno ta hannun Galadima da ke Nguru. Auyo na cikin mafi tsufa, labarin gado ma yana haɗa kafuwarta da ta Shira da Tashena, wai 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Mutanen suna da harshensu, Auyakanci, wanda masana harshe suke sa shi gida ɗaya da Badanci da Ngizimanci. Harshen ya mutu. Lokacin da Russell Schuh ya yi nazari a kan harsunan Shira da Tashena da Auyo, wanda ya fito a 2001, da 'yan kalmomin da suka saura a tsofaffin takardu ya yi aiki. Ka yi tunanin abin da wannan yake nufi ga tarihin baka. Kirarin sarakunan, sunayen muƙamansu, take da waƙoƙin fada, duk a cikin harshen suke zaune. Da harshen ya tafi, ɗakin ajiyar ne ya ƙone, abin da aka tsira da shi sai wanda aka riga aka juye cikin Hausa.

Sai wata matsala da David Henige ya yi ta jan kunne a kanta a farkon shekarun 1970, wadda za mu iya kira amsa-kuwwa. Ga yadda take faruwa. Bature mai mulki ya tara dattawa ya tambaye su tarihi, ya zaɓi ruwaya ɗaya ya rubuta. J. M. Fremantle ya yi haka da yankin Katagum, har da Haɗejiya da Auyo, aka buga a mujallar African Society a 1911. Abin da irinsu suka tattara ya shiga kundin bayanan Lardin Kano na W. F. Gowers a 1921, ya shiga littafin S. J. Hogben na 1930, wanda aka faɗaɗa tare da Kirk-Greene a 1966. Malamin makarantar elemantare ya koyar da shi, magatakardan En'e ya kwafe shi duk lokacin da Di'o ya nemi tarihin gunduma. Bayan shekara hamsin sai mai bincike ya zo da rikoda, ya tambayi wanda kowa ya ce shi ne masanin tarihin gari, ya ji labarin ya yi daidai da na Fremantle, ya yi murna ya sami shaidu biyu. Alhali mai yiwuwa shaida ɗaya ce ta je ta dawo. Duk inda ruwayar baka ta shekarun 1960 ta dace da takardar 1911 tsaf, har da yawan shekarun kowane sarki, wurin ne ya kamata mai karatu ya ƙara buɗe ido. Wannan gargaɗi ya hau kan Low, ya kuma fi hawa kan masu kwafarsa a yau.

Kada a ɗauka takardar ita ce mai gaskiya. A ranar 25 ga Afrilu 1906 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Lowry Cole suka afka wa Haɗejiya, 'yan makonni bayan abin da ya faru a Satiru. Sarki Muhammadu ya faɗi yana yaƙi tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa. A rahotannin gwamnatin Lugard, wannan ladabtar da sarki mai taurin kai ne. A Haɗejiya sunansa Mai Shahada. Fayilolin Lardin Kano da ke Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna cike suke da ƙidayar haraji da iyakokin gundumomi da ra'ayin Razdan a kan wane hakimi ne mai ƙwazo, wane ne malalaci. Suna da amfani ƙwarai wajen kwanan wata da adadi. Sai dai wanda ya rubuta su shi ne mai bindigar, kuma ba duk abin da ya rubuta ya bari a baya ba: a 2011 gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayilolin da aka kwashe daga ƙasashen da ta mulka, har da Nijeriya.

Su ma Amurkawan ba a ce tsarinsu ya tsarkaka ba, kuma kurakuransu sun yi kama da namu fiye da yadda ake zato. Hirarrakin da aka fara tattarawa a kan John Kennedy a 1964, watanni kaɗan bayan kashe shi, masana sun daɗe suna cewa makoki da yabo sun yi musu yawa. Hirar da matarsa ta yi da Arthur Schlesinger a wannan shekara, a rufe ta zauna har 2011. A Cibiyar Miller ma ana mayar wa mutum rubutacciyar hirarsa ya duba, yana iya gyarawa ko ya ce a rufe wani sashe zuwa wani lokaci. Fadawa ne dai ake tambaya labarin sarkinsu. Abin da ya karya Richard Nixon ba hira ba ce, faifan da shi da kansa ya sa aka riƙa naɗa a ɓoye a ofishinsa daga 1971 zuwa 1973 ne, kimanin awa 3,700. Ko a cikinsu akwai minti 18 da rabi da aka goge daga zancen ranar 20 ga Yuni 1972. Bambancin shi ne a can an san an goge, an san tsawon abin da aka goge, don ainihin faifan yana nan ana iya saurare. Gogewar da ke cikin tarihin Auyo ba ta da ma'auni.

An taɓa nuna cewa ana iya yin wani abu dabam a ƙasar Hausa, tun kafin Low. A 1949 zuwa 1950 Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau ta rubuta rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954 da sunan Baba of Karo. A ciki ana ganin harin bayi da zuwan Turawa daga cikin gida, ta idon macen da ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Haɗejiya ta ƙarni na 19 ba za ta ƙara samun irin wannan ba, lokacin ya wuce.

Wanda bai wuce ba shi ne na baya-bayan nan, kuma a nan ne sukar Low take komawa kanmu. Shi aƙalla ya je ya zauna da dattawan zamaninsa. Yau a Auyo da Kafin Hausa da Haɗejiya akwai sauran waɗanda suka ga rigimar NEPU da NPC, da waɗanda suka yi aiki a En'e kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ikon daga hannun fada. Akwai waɗanda suke noma da su kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sun san yadda ambaliyar shekara-shekara take shayar da fadama kafin a canza mata lokaci, sun ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Akwai waɗanda aka auna gonakinsu lokacin da aka fara aikin noman rani na kwarin Haɗejiya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da shi a 2023 bayan an gyara an faɗaɗa. (Buhari na biyu ke nan a tarihin garin, shi da almakashin yanke kyalle ya zo.) Wa ya yanke shawarar inda magudanar za ta bi? Wa aka biya diyya, wa aka ce ya yi haƙuri? Me aka gaya wa masunta da makiyaya? Wannan tarihin mulki ne tsantsa, kuma masu shi shaidun gani da ido ne, irin waɗanda Low bai samu ba a kan Buhari na farko. Takardun da za a gwada maganarsu da su ma suna nan a ofisoshin hukumar kogunan Haɗejiya da Jama'are da na jiha, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar nema.

Jami'ar Sule Lamido tana Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo. Jami'ar Tarayya tana Dutse. Gidan Arewa a Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya kafa a 1970, da Gidan Mambayya a Kano sun san aikin adana irin waɗannan kaya. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi rikodar shekarun 1960 ɗaukar murya. Abin da ya rage tsari ne: a naɗi hirar da harshen mai magana, a rubuta ranar da wurin da waɗanda ke zaune a wajen, a tambayi mutum daga wa ya ji in ba shi ya gani ba, a tambaye shi ko ya taɓa karantawa ko ya ji a rediyo, a nemi izininsa a rubuce, a ajiye ainihin muryar a wuri fiye da ɗaya. A kuma yi hira da matar da ke sayar da kifi a kasuwar Auyo a ranar da aka yi da hakimi, a ɗaki dabam. Wanda yake da shekara 20 a 1976 yanzu ya kai saba'in ko yana dab da kaiwa, wanda kuma ya yi zaɓen 1959 ya haura tamanin da biyar.